Yusuf da Yakubu lamba ɗaya? Muhawara kan neman sunaye da sautinsu a rumbun bayanai

Ɗan Tarauni: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Ni nake kula da kwamfutar wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Tarauni. Rajistar marasa lafiya tana cikin fayil ɗin SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, ni kuma ta baƙin allo nake shiga da sqlite3, don kwamfutar ta kwana biyu, ba ta ɗaukar kaya masu nauyi. Ga matsalar: mutum zai zo ya ce katinsa ya ɓace, a buga sunansa ba a gani ba, sai a buɗe masa sabon fayil. Wata baiwar Allah fayil huɗu na iske mata, ɗaya Aisha, ɗaya A'isha, ɗaya Aishatu, ɗaya Ayshat. Tarihin hawan jininta ya rabu gida huɗu, likita kuwa ɗaya kaɗai yake gani. Na ji ana cewa akwai soundex, wai yana nemo suna da yadda ake furta shi ba da yadda aka rubuta ba. Na buga, sai ya ce min `no such function: soundex`. Ina na kuskure?

Injiniya Fagge: Wa alaikumus salam. Ba ka kuskure ba ƙanena. SQLite yana da soundex, amma ba ya fitowa sai idan an kunna shi tun wajen harhaɗa manhajar, da tutar `SQLITE_SOUNDEX`. Buga `PRAGMA compile_options;` ka duba jerin. In babu SOUNDEX a ciki, sauko da tushen manhajar ka harhaɗa da `-DSQLITE_SOUNDEX`, aikin mintuna ne. Sai dai kafin ka wahalar da kanka bari in faɗa maka abin da za ka samu.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, ta girmi kwamfuta. Robert Russell da Margaret Odell ne ake danganta ta gare su, an yi mata rajista a Amurka a 1918 da 1922, daga baya a shekarun 1930 aka yi amfani da ita wajen jera katunan ƙidayar jama'ar ƙasar. Harafin farko ana barin sa yadda yake. Sauran baƙaƙe a ba su lamba: b, f, p, v su ne 1, c, g, j, k, q, s, x, z su ne 2, d da t 3, l 4, m da n 5, r 6. Wasula da h, w, y ba su da lamba. Baƙi biyu masu lamba ɗaya in suna jere sai a ɗauki ɗaya. A tsaya a lamba uku, in ba su kai ba a cike da sifili. Shi ya sa Muhammad, Mohammed da Muhammadu duk suke ba da M530.

Ɗan Tarauni: To ai wannan shi nake so, Injiniya! Allah ya saka da alheri. Bari in harhaɗa in dawo.

Injiniya Fagge: Je ka dawo. Amma kada ka goge ko ka haɗe komai tukuna.

Ɗan Tarauni: Na dawo, kuma jikina ya yi sanyi. Ya yi aiki, ta wani ɓangaren ma ya burge ni: Garba da Garuba G610, Ja'afar da Jafaru J160, Ishaq da Isiyaku I220, Chiroma da Ciroma C650. Amma ku dubi wannan:

`SELECT soundex('Yusuf'), soundex('Yakubu');`

Y210 da Y210. Yusuf da Yakubu! Na ci gaba da gwadawa. Mahmud ya faɗa cikin M530 tare da Muhammad. Auwal da Aliyu duk A400. Aminu da Amina duk A550. Ita kuwa baiwar Allahn da na fara magana a kanta, Aisha A200 ce, Aishatu A230, wato ma bai haɗa su ba. Wanda nake so ya haɗa ya raba, wanda nake so ya raba ya haɗa.

Uwar Biyu: Malam, don Allah gwada min Hassan da Hussaini. Ni ma a ɗakin kati nake aiki, kuma ina da dalilin tambaya.

Ɗan Tarauni: Hajiya, H250 dukansu. Hassana ma H250. Husaina ma haka.

Uwar Biyu: To ka gani. 'Yan biyu sunan ubansu ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, unguwa ɗaya, lambar wayar da ke jikin kati ɗaya, ta uwa ko ta uba. In ka ce wa na'ura duk wanda lambar sautinsa da ranar haihuwarsa suka dace ta haɗe su, ka mai da yara biyu yaro ɗaya. Nawa biyun, ɗaya yana da sikila, ɗayan ba shi da ita. Ɗaya akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Ka yi tunanin likita ya buɗe fayil ɗin da aka gauraya da tsakar dare. Fayil huɗu ga mace ɗaya ɓarna ce, ban musa ba, amma ana iya gyara ta ranar da aka gano. Fayil ɗaya ga yara biyu, kafin a gano wataƙila an riga an yi allurar.

Injiniya Fagge: Hajiya ta faɗi abin da nake kewaye-kewaye a kai. Ƙara da wannan: gwada duk sunayen Abdul. Abdullahi, Abdulkadir, Abdulmalik, Abdul'aziz, Abdulrahman, duk A134 ne, don lambobi ukun sun ƙare kafin a kai inda sunayen suka bambanta. Abdurrahman kuwa, wanda shi da Abdulrahman mutum ɗaya ne, A136 zai ba ka. A Kano, inda kusan kowane gida akwai Abdul, wannan kaɗai ya isa ya cika maka allo.

Ɗalibin Bayero: Assalamu alaikum manya. Ni a ganina soundex ya tsufa ne kawai. Akwai Metaphone da Lawrence Philips ya fitar a 1990, sannan Double Metaphone a 2000, wanda yake ba da mabuɗi biyu ga suna ɗaya kuma ya yi la'akari da sunayen da ba na Ingilishi ba. In aka koma PostgreSQL, wata babbar manhajar rumbun bayanai, umarni ɗaya ne a baƙin allonta, psql: `CREATE EXTENSION fuzzystrmatch;` sai ka sami soundex, metaphone, dmetaphone da levenshtein gaba ɗaya. Tun fitowa ta 16 ma sun ƙara daitch_mokotoff. Me zai hana a ƙaura kawai?

Injiniya Fagge: Bayaninka daidai ne, kuma ni kaina PostgreSQL nake aiki da shi kullum. Amma tambayi kanka kunnen wa aka gina kowannensu a kai. Metaphone ƙa'idojin rubutun Ingilishi ya haddace, irin su gh da ba a furtawa da ph da ake karantawa f. Daitch–Mokotoff na 1985 masu binciken asalin Yahudawan gabashin Turai ne suka yi shi don sunayensu. Jamusawa suna da nasu tun 1969, wanda ake kira da sunan birnin Kolon. Wata hukumar tattara bayanan masu laifi ta jihar Niyok ta yi NYSIIS a 1970. Kowa da ya ga soundex bai dace da sunayen mutanensa ba, zama ya yi ya rubuta nasa. Mu ne kaɗai za mu tsaya muna aron kunnen wasu? Sannan takardun PostgreSQL ɗin da kansu sun yi gargaɗi cewa soundex da metaphone da dmetaphone ba sa aiki da kyau da haruffan da suka wuce bayit ɗaya, wato ma'aunin da kwamfuta ke ajiye harafin Ingilishi guda a cikinsa. Baƙaƙenmu masu ƙugiya kuwa duk cikinsu suke.

Ɗan Tarauni: Wannan maganar ta ƙarshe ta sa na sake gwaji, kuma na ga abin da ban gane ba. Danjuma D525, amma Ɗanjuma da ƙugiyarsa A525. Rukayya R200, Ruƙayya R100, daidai da Rabi. Faruk F620, Faruƙ F610. Daga ina 1 ɗin nan take fitowa? Ba b ba f a tsakiyar Ruƙayya.

Injiniya Fagge: Yauwa, ka iso inda abin yake da daɗin bincike. Na taɓa karanta wannan ɓangaren a tushen SQLite, gajere ne, ka buɗe ka gani. Ba harafi-harafi yake bi ba, bayit-bayit yake bi. Da farko yana tsallake duk abin da ba harafin Ingilishi ba ne har ya sami wanda ya sani. Ɗ bayit biyu ce, bai san ko ɗaya ba, sai ya wuce ya ɗauki a a matsayin harafin farko. Ga A525 ɗinka.

A tsakiyar suna kuma abin ya fi haka muni. Kowane bayit, wanda ɗigo takwas ne na sifili ko ɗaya, yana yanke masa ɗigon sama don ya shiga cikin teburinsa mai gurbi 128. Harafin ƙ a UTF-8, tsarin da ake ajiye haruffa da shi, bayit biyu ne, C6 da 99. In ka yanke ɗigon saman C6 sai ya koma 46, wanda shi ne F. To Ruƙayya a wurinsa kamar Rufayya ce. Su kuwa ɗ da ɓ ƙanana da C9 suke farawa, wanda yake komawa I, wasali, sai su ɓace ɓat kamar ba a rubuta su ba.

Akwai na uku da ba ka gwada ba tukuna. Hamzar da ke cikin A'isha. In ta tsaye ce ta kibod, ba matsala, A200. Amma waya da Word sukan mai da ita lanƙwasasshiya, ita kuma bayit uku ce, na farkonta E2, wanda yake komawa b. Sai ka sami A120. Ido ba zai ga bambanci a allo ba.

Ɗan Tarauni: Na gwada. A120, wallahi. Kuma rabin rajistar daga Word aka kwafo ta lokacin da aka fara.

Mai Shago a Beirut: Ni tambayata, ga mu masu rumbun MySQL fa? Ina da rajistar masu karɓar kaya bashi a ciki, ina amfani da `SOUNDS LIKE`.

Injiniya Fagge: Naka ma wani launi ne daban, Alhaji. MySQL tsohuwar ƙa'idar yake bi: ya zubar da wasula tukuna, sannan ya haɗe maimaici. Don haka Muhammad a wurinsa M300 ne ba M530 ba, domin m ɗin tsakiya ta manne da ta farko. Kuma ba ya tsayawa a lamba uku, yana ci gaba har suna ya ƙare. Wannan ya sa su Abdul suka ɗan sami sauƙi a wurinka. Amma duk ranar da ka kwashe lambobin da ka ajiye zuwa wani rumbun, kada ka yarda da su, sake lissafa su.

Malama Gwale: Assalamu alaikum. Ni ba injiniya ba ce, Hausa nake koyarwa a sakandare, ƙanina ne ya saka ni a zauren nan saboda rajistar makarantarmu. Na bi maganarku tun daga sama, kuma ina ganin akwai rabin matsalar da ba ku taɓo ba, wanda ba na rubutu ba ne sam.

Wace na'urar sauti ce za ta gaya muku Garba shi ne Abubakar? Ko Habu, ko Bukar? Shehu Usman ne. Sanda Umaru ne. Audu Abdullahi ne, Iro Ibrahim, Mamman Muhammadu, Idi Idrisu. A mata, Indo da Shatu A'isha ce, Binta Fatima ce, Dije Hadiza, Mairo Maryam. Waɗannan ba kuskuren rubutu ba ne, sunaye ne cikakku da mutum yake amsawa tun yana goye. Da yawansu alkunya ce ta haife su: an sa wa yaro sunan kakansa, uwa da uba ba za su iya kama sunan ba, sai a ce Abba ko Baffa, yarinya a ce Ummi ko Iya. Yaron da ke rajistata a matsayin Muhammad, in ka je unguwarsu ka tambayi Muhammad ba wanda zai gane, sai ka ce Abba.

Akwai kuma yadda Hausa ta narkar da sunayen Larabci tun da daɗewa, kuma tana da tsari. Harafin da Larabawa ke furtawa da harshe tsakanin haƙora ya koma s, shi ya sa Uthman da Usman. Kh ya koma h, Khadija da Hadiza, Khalid da Halidu. Q ya koma ƙ ko k. Lodi kuwa, wato ض, l ya koma, kamar yadda muka sami alƙali: Ramadan da Ramalan, Murtada da Murtala. Auwal, Lawal da Lawan duk daga kalma ɗaya suke. F da h suna musanya, Yusufu da Isuhu. H ta farkon suna tana zuwa tana tafiya, Husaini da Usaini, Abubakar da Habubakar. Yanzu kuma matasa suna komawa rubutun Larabcin da haruffan Ingilishi, uwa ta rubuta Hadiza, 'yar ta girma ta rubuta Khadeejah.

Ɗan Tarauni: Malama, Allah ya ƙara ilimi. Na duba: Khadija K320, Hadiza H320. Lambobin iri ɗaya, harafin farko kaɗai ya raba su. Uthman U355, Usman U255.

Ɗan Maraɗi: Ku ƙara da namu. Ni ina riƙe wa ubangidana littafi a Kwari, abokan cinikinmu da yawa daga Maraɗi da Damagaram suke. Takardunmu da rubutun Faransanci aka yi su. Ousmane, Oumarou, Issoufou, Chaibou. Shu'aibu a nan da S yake farawa, a katinmu da C. Usman da U, namu da O. Tunda dabarar nan ba ta taɓa harafin farko, duk ba za ta haɗa su ba. Kuma ku lura, ch a wurinmu sh ce, amma ch ɗin Chiroma c ce. Kada a yi musu doka ɗaya ido rufe.

Baba Magatakarda: 'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Na yi shekaru ina aikin rajista tun ana rubuta kati da hannu a jera a akwatin katako, har na yi ritaya. Abin da kuke fama da shi mun yi fama da shi. Keken rubutun ofishinmu ba shi da ƙugiya, sai mu buga k, wani ya bi da biro ya lanƙwasa, wani ya manta. Mu kan taƙaita: Moh'd, Muh'd, A/kadir, Ibr. Mu kan sa Alh. ko Mal. a gaba. Na tabbata duk suna cikin rajistar taka. Abin da muka yi a lokacin shi ne katin nuni. A ƙarƙashin Garba mu sa kati mai cewa a duba Abubakar. Amma ba mu taɓa ɗauke katin mutum mu cusa cikin na wani ba sai mun gan shi da ido mun tambaye shi: ɗan wane ne kai, wace unguwa, wane ne mai unguwarku. Na'urarku ta fi mu sauri nesa ba kusa ba, ku bar mata nema. Tambayar kuwa ku riƙe ta a hannunku.

Ɗalibin Bayero: Ranka ya daɗe Baba, na karɓa. Amma ina da ja kaɗan ga Injiniya. In sauti bai yi ba, me ya sa ba za a auna nisan rubutu ba? Levenshtein, wanda Vladimir Levenshtein ya kawo a 1965, yana ƙirga gyara nawa za a yi suna ya koma wani. Muhammad zuwa Mohammed gyara 2 ne. Yusuf da Yakubu sun yi nisa, ba za su haɗu ba. Ko pg_trgm, mai yanka suna haruffa uku-uku ya auna kama. Ba sai mun ƙirƙiro komai ba.

Injiniya Fagge: Yana da amfani, ina amfani da shi. Amma Aminu zuwa Amina gyara 1 ne. Hassan zuwa Hassana 1. Jamilu da Jamila 1. Wato sun fi kusa da juna a kan Muhammad da Mohammed. Garba da Abubakar kuwa sun yi hannun riga. Ga kuma nauyi: lambar sauti ana lissafa ta sau ɗaya a ajiye a yi mata fihirisa, shi kuwa nisan rubutu sai an gwada sunan da ake nema da kowane layi. Amfaninsa shi ne a mataki na biyu, bayan rariya ta tace, ya jera maka abin da ya rage daga mafi kusa.

Ga yadda zan yi da ni ne, Ɗan Tarauni, kuma ba sai ka bar SQLite ba. Sunan da aka rubuta kada ka taɓa shi, ko da kuskure ne, shaida ce. Buɗe sabon gurbi ka kira shi mabuɗi. Kafin ka cike shi, wanke sunan: cire Alh., Mal., Haj., Dr., mai da kowace irin hamza babu, ƙ ta koma k, ɗ d, ɓ b, ƴ y. Ka yi manya da ƙanana daban-daban, don `lower` na SQLite haruffan Ingilishi kaɗai yake ƙanƙantawa, Ƙ za ta tsaya yadda take. Da `replace` za ka yi, ko ka bi fayil ɗin da sed, manhajar sauya rubutu, kafin ka shigar. Masu PostgreSQL `translate` ya ishe su a layi ɗaya. Kada ka dogara da dabarar nan ta cire ɗigo da alamomin saman haruffa da ake yi wa Faransanci, ba ta kama namu, domin a Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k da aka ɗora wa alama ba.

Sannan dokokin Malama: q zuwa k, kh zuwa h, th zuwa s, ou da oo zuwa u, ee zuwa i, baƙi biyu jere su koma ɗaya. Abdul, Abdur, Abdus da A/ ka yanke su, ka sa alama ɗaya, ka lissafa abin da ya biyo baya. Kada ka tsaya a lamba uku. Kuma ka raba k da s, ka raba b da f, nan ne Yusuf ya haɗu da Yakubu.

Malama Gwale: Wasalin ƙarshe fa, a yi hankali da shi Injiniya. U ta ƙarshe ana iya cire ta, Kabiru da Kabir, Zainabu da Zainab, Maryamu da Maryam. Atu ta koma a, A'ishatu, Hadizatu, Salamatu. Amma a ta ƙarshe a bar ta, ita ce sau da yawa take raba mace da namiji. Kuma kada a ce duk mai ƙarewa da a mace ce, ga Musa, Isa, Haruna, Yahaya, Bala. Jinsi a ba shi gurbinsa daban.

Injiniya Fagge: Na gode Malama, wannan da na ɓata shi. Sai tebur na biyu, na laƙabi: gurbi ɗaya laƙabin, ɗaya asalin sunan. Shi ne katin nunin Baba. Ba dabara a ciki, hannu ne zai rubuta shi.

Mai Shago a Beirut: Yanzu da akwai lambar ɗan ƙasa, ba sai a nemi kowa ya kawo NIN ba a huta da duk wannan?

Uwar Biyu: Alhaji, wanda aka kawo ranga-ranga da ƙarfe biyun dare ba ya zuwa da takarda. Jariri ɗan kwana uku ko suna ba a raɗa masa ba, muna rubuta shi da sunan uwarsa. Tsohuwa daga ƙauye jikanta ya kawo ta. In akwai lambar a rubuta, tana taimakawa sosai, amma ba za a hana mutum ganin likita don ita ba.

Ɗan Tarauni: Jama'a, kwana biyu kun ji ni shiru, aiki nake. Na rubuta wankin da dokokin a ɗan gajeren Python, yana cike gurbin mabuɗi, ni kuma ina nema ta sqlite3 kamar da. Aisha, A'isha, Aishatu da Ayshat yanzu suna fitowa tare. Yusuf ya rabu da Yakubu, Mahmud ya rabu da Muhammad bayan na sa Muhammad da duk taƙaitattunsa a teburin laƙabi maimakon in bar wa lissafi. Ch na ba ta mabuɗi biyu saboda maganar Ɗan Maraɗi. Ban sa umarnin haɗewa ko ɗaya ba. Abin da yake yi kawai ya jero wa mai ɗakin kati waɗanda suka yi kama, da sunan uba da unguwa da shekaru, ita ta tambaya ta zaɓa. Fayilolin baiwar Allahn nan huɗu likita ne da kansa ya duba ya sa hannu kafin aka haɗa.

Teburin laƙabin ne ya tsaya min. Na sa Abu a ƙarƙashin Abubakar, sai ga wata Abu mace.

Malama Gwale: Zainabu ce. A baki karin sautin ya bambanta su, a rubutu kuwa ba ma sa alamar kari. Ka bar laƙabi ɗaya ya iya nuna suna fiye da ɗaya, jinsi ya raba gardama. Turo min teburin, zan zauna da malaman sashenmu mu cike abin da muka sani. Sunayen rana ma a sa su, Ladi, Talatu, Larai, Jummai, Asabe, Ɗanladi, Ɗanjuma, Balarabe, amma su ba sa nuna wani suna takamaimai, kowa zai iya ɗauka. A yi musu alama daban don kada na'ura ta yi zato.

Shugaban Zaure: In teburin ya kammala a saka shi a ma'ajiyar zaure kowa ya ɗauka. Sunaye zalla don Allah, kada a haɗo da bayanin mara lafiya ko ɗalibi ko ɗaya.

Uwar Biyu: Abu ɗaya ya rage, Ɗan Tarauni, kuma daga teburin kati nake gaya maka. Mace za ta kawo ɗanta na fari, ka ce yaya sunansa, ta sunkuyar da kai. Ba za ta faɗa ba, ɗan fari ne. Ka ce sunan maigidan fa, nan ma shiru, ko ta ce baban wane. Ranar da ta zo da ƙanwar mijinta, ita za ta ba ka sunan yanka. Ranar da ta zo ita kaɗai, laƙabin gida za ka samu, kuma ba lallai ya kasance cikin teburin Malama ba, don wani laƙabin a gidan kaɗai aka san shi. Ka ƙara gurbi ɗaya a fom ɗin: sunan da ake kiransa a gida. Mai ɗakin kati ta tambaya tun ranar farko, neman ma ya riƙa bi ta cikinsa.

Ɗan Tarauni: Na ƙara shi yanzu, Hajiya. Gobe da safe zan nuna wa mai ɗakin katin kafin a fara layi.